Baƙar Motar da Ta Ci Gonar Fadama

Kun taso kuna jin cewa ƙanena Iro ya cinye mana gonar fadamar da mahaifinmu ya bari. Ban taɓa zaunar da ku na ce muku haka ba, amma kuma ban taɓa cewa ba haka ba ne, kuma a gida irin namu in uba ya yi shiru a kan magana to ya sa mata hannu ke nan. Ga gaskiyar yau, tun ina da sauran numfashin faɗinta. Iro bai ci ko taƙi ɗaya na kowa ba. Ni na sayar masa da rabona, ido biyu, gaban dattawa biyu, don in gyara mota. Manyanku za su tuna motar, baƙar nan doguwa da kuka sa wa suna Giwa. Babin aikina da na aurena na rubuta su ban ajiye biro ba, wannan kuwa wata uku ke nan ina kewaye shi.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ita ce shekarar da na yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina tsaron sito. Aka ja mu aka ja mu, daga ƙarshe aka biya ni garatutina a dunƙule, kuɗin da ban taɓa riƙe irinsu ba. Katsina kuwa a lokacin ta rikice. Duk bangon da ka duba fasta ce, duk zauren da ka leƙa taro ake yi, mutanen da muka sani ba su da ko tabarmar kirki sun wayi gari ana ce musu Onarabul tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina miƙewa tsaye in manya sun shigo, sai na ji a raina cewa wannan karon har da ni za a dama. Wanda ya hura mini wutar shi ne Alhaji Mamman, abokin karatuna tun elementare, wanda ya fito takarar majalisar jiha. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya rako ni har inda na jingine tsohon babur ɗina, ya daɗe yana kallonsa.

"Malam Abdu, kai ka san aikin gwamnati ciki da bai. In Allah ya ba mu, akwai kujerar mamba a wata hukuma, na riga na sa ka a raina. Sai dai ka gyara shiga. Ba a zuwa gidajen manya a GRA bisa wanga abu."

Maganar nan ta kwana da ni ta tashi da ni. Cikin sati biyu wani dillali ya kai ni filin da ake jera motocin Kwatano a hanyar Kano, ya nuna mini ita. Kujerun fata, katako mai sheƙi a gaban direba, gilasai masu hawa da sauka da danna maɓalli, in ka rufe ƙofa sai ka ji duniya ta yi tsit. Ya rantse mini cewa wata likita ce ta hau ta a Turai, daga gida sai asibiti. Daga baya na gane duk motocin filin nan likitar nan ce ta hau su, Allah ya ba ta lada. Abin da ya ruɗe ni shi ne kuɗinta bai kai na ƙananan motocin da ke gefenta ba, irin waɗanda kowane makanike a garin nan zai kwance ya ɗaura ido rufe. Ban tambayi kaina dalilin arahar ba. Dabara ɗaya dai na yi, na ɗauko Bitrus, mutumin Filato, babban makaniken ma'aikatarmu, wanda muka yi shekara ashirin muna cin abincin rana a inuwa ɗaya. Ya buɗe gaban motar ya tsaya hannu a baya, bai taɓa komai ba.

"Oga, mota ce mai kyau, ban ce ba ta da kyau ba. Amma wannan ta mai mota uku ce. Ranar da ta kwanta ya hau wata, ya aika Legas a kawo kaya. Kai in ta kwanta me za ka hau?"

Na ce masa Allah na nan. Ya ce ya sani, shi ma yana zuwa coci.

"To tunda ka riga ka saya a zuciyarka, riƙe abu biyu. Ba ta shan man gefen titi. Kuma giyarta mai canja kanta ce, ba a tura ta, ba a jan ta da igiya. In ta mutu maka a hanya ka kulle ta ka zo ka kira ni, ko a ina take."

Na gyaɗa kai, amma idona yana kan kujerun fatar. Na biya, na tuƙo ta zuwa Ƙofar Durbi ina jin kamar yau aka haife ni, sai da na iso bakin lungunmu na tarar faɗinta ya fi lungun. Mahaifiyarku Hajara, wadda ta yi ta roƙona in fitar da shaguna biyu a jikin katangar gida da kuɗin nan, ta yafa mayafi ta fito ta dube ta daga nesa.

"Malam, motar da ba ta iya shigowa ƙofar gidanmu, ai ta faɗa maka da bakinta ba tamu ba ce."

Na ce mata mata ba su san harkar siyasa ba. Ta ce haka ne, amma sun san harkar tukunya.

Tun daga ranar na shiga bauta. Na nemo mata makwanci a wani gidan mai da ke bakin titi, ina biyan maigadi duk wata, kullum sai na taka da ƙafa kafin in je in zama mai mota. Sati na biyu cikinta ya daki kwalbatin unguwa, kwanon baƙin mai ya tsage, domin an ƙera ta ne don titin da ba shi da ko tsakuwa. Aka liƙe. Da zafi ya fara shigowa sai lagireto ya kama tafasa, in na yi tafiyar rabin awa sai na tsaya na ba ta ruwa kamar jaki. Na'urar sanyaya ciki ta zubar da iskarta, aka ɗura, ta sake zubarwa. A satin nan ne kuma gilasan gaba suka ƙi sauka, kun san kujerar fata a bazarar Katsina cikin rufaffiyar mota, kaskon tuya ne kawai. Abin da ya fi gajiyar da ni ba lalacewar ba ce, neman kayan ne. Ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba, a nan babu, a Kano a ce ka dawo jibi, jibi a ce sai an aika Legas, in ya zo kuma kuɗinsa ya sayi buhun gero. Ga shan mai kamar rairayi, a shekarar da mutum kan wuni a layi ya dawo da rabin tanki. Fanshona na wata ba ya kai ta tsakiyar wata, sai na riƙa gutsurar abin da ya rage na garatuti.

Kuma akwai abin da ban lissafa ba. A cikin birni babbar mota ba ta mai ita ba ce, ta unguwa ce. Za a kai amarya, Giwa. Mai naƙuda, Giwa. Za a je ta'aziyya ƙauye, dattawa biyar sun riga sun tsaya a jikinta da carbinsu. Ba ka isa ka ce a'a ba, kuma ba wanda zai zuba maka ko kwalba ɗaya, sai dai Allah ya saka da alheri, wanda na karɓa hannu biyu amma ba ya shiga tanki. Alhaji Mamman shi ma ya ga wurin kwana. Duk yawon neman ƙuri'arsa a cikinta aka yi, yana zaune a baya yana ɗaga wa jama'a hannu, ni ina gaba ina gumi. Sai da na tsufa na gane cewa da kuɗina na saya wa kaina aikin direba ba albashi.

Alhaji Mamman ya ci zaɓe, aka rantsar da su, aka shiga zaman jiran sunayen waɗanda za a ba muƙamai. Ana cikin haka wani jigon jam'iyya ya yi rashin mahaifiya a garinsu, can gaba a hanyar Dutsin-Ma. Duk mai neman kujera ya san wannan ta'aziyyar ba a aika wakili. Ranar babu mai a gidan mai ko ɗaya a Katsina, sai na tsaya wurin 'yan bumburutu, masu sayar da mai a jarka a gefen titi, na sa aka juye mini jarka biyu. Muka je lafiya ni da Alhaji Mamman, muka yi gaisuwa, aka ga fuskata, aka ga motata. A hanyar dawowa, rana tsaka, sai ta fara tari, ta yi ta fizga, ta mutu a bakin wani ƙauye. Kafin in buɗe ƙofa mutanen ƙauyen sun taso daga inuwa, domin a ƙasarmu ba a ganin mota ta mutu a zauna. Suka dafa ta suna turawa da kabbara, suka kai ta suka dawo da ita har sau uku, ko uffan ba ta ce ba. Alhaji Mamman ya tattara babbar rigarsa ya tsayar da motar da ke bayanmu.

"Malam Abdu, ni zan wuce. Ka yi ƙoƙari ka ɗauke ta daga nan, manyan jam'iyya na tahe bayan la'asar. Kada a gan ka tsaye bakin hanya kamar mai jiran taimako."

Ba a jima ba wata babbar motar albasa ta tsaya, direban ya sauko da igiya a hannu, ya ce don Allah zai ja ni har gari. Ina so ku sani ban manta da maganar Bitrus ba. Na tuna ta kalma kalma, har da yadda ya ɗaga yatsu biyu. Amma na hango kaina tsaye a rana, manya suna wucewa suna leƙena ta gilashi, sai na ce a ɗaura. Muka yi tafiyar fiye da awa ɗaya a bayan motar albasa. Tun a rabin hanya na fara jin ƙauri yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafata, na ce wa kaina hayaƙin ta gaba ne.

Da muka iso gari, Bitrus ya tsiyayo man tanki a gwangwani ya shinshina, ya ce an gauraya shi da kananzir. Daga nan ya zaro sandar auna man giya, ya shafa a tafin hannunsa, baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Ya dubi igiyar da ke ɗaure har yanzu a gaban motar.

"Oga, man nan shi ya kashe inji, wannan aikin yini ɗaya ne. Amma igiyar nan ta kashe giya. In inji ba ya aiki man giya ba ya zagayawa, ƙarfe ke cin ƙarfe tun daga can har nan. Sai an sauke ta gaba ɗaya an sa wata."

Bai ce ai na gaya maka ba, da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Da ya aika aka tambayo kuɗin wata giyar daga Legas, sai ga shi ya kusa rabin abin da na sayi motar. Ya ba ni shawara in sayar da ita a yadda take in huta. Na ƙi. Ina ganin saura sati kaɗan sunaye su fito, kuma wanda aka saba gani a babbar mota in aka gan shi a ƙasa, an gama da shi. Garatuti ya ƙare. Abin da ya rage mini a duniya mai daraja shi ne gidan da kuke ciki da rabona na gonar fadama, wadda Iro ke nomawa gaba ɗaya tun rasuwar mahaifinmu, yana kawo mana namu kason duk kaka.

Na same shi a gindin tsamiyar gonar yana gyaran karkiyar bijimansa biyu na huɗa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Muka gaisa, ya tambayi kowa da sunansa. Sannan na ce masa akwai wani Alhaji a birni da ke son rabona zai yi lambu. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Yaya, mi ya yi zahi haka? Ciwo ne? Ko wani ya kai ka ƙara?"

Na ce mota ce. Na ce in na samu kujerar nan, cikin shekara ɗaya zan sayi gona biyu irin wannan.

"Ba a sayen irinta, Yaya. Rijiyar can Baba da hannunshi ya gina ta." Ya dubi bijiman. "Ba ni kwana bakwai. Kada baƙo ya shigo muna."

Cikin kwana bakwai ya sayar da bijiman nan biyu, ana gab da shuka, lokacin da manomi ya fi bukatarsu. Ya fasa rumbunsa ya kai gero kasuwa. Ya kira dattawa biyu na ƙauyen suka shaida, ya miƙo mini kuɗin a ƙunshe cikin tsumma, bai rage ko sisi daga abin da baƙon ya taya ba. A daminar nan da hannu ya yi huɗa, shi da iyalinsa. Da zan tafi na ce masa kada Hajara ta ji.

"Maganar gidanka ai taka ce, Yaya. Ba ta hita daga bakina."

Aka kawo giya, Bitrus ya ɗaura, Giwa ta tashi. Sati uku bayan haka aka karanta sunaye a rediyo, na saurara har aka koma kiɗa, ban ji nawa ba. Alhaji Mamman ya ce in yi haƙuri, an yi rabon ne yanki yanki, sai zagaye na biyu. Zagaye na biyun nan har ya sauka daga kujera bai zo ba, ni ma na daina zuwa. Kafin kaka kuma akwatin lantarkin da ke ba inji umarni, wanda makanikai ke ce wa ƙwaƙwalwa, ya ƙone. Wannan karon ba ni da abin sayarwa, ba ni ma da ƙarfin zuciyar nema. Ta yi wata da watanni a kan duwatsu a gidan man nan, awaki na kwana a ƙarƙashinta, ina biyan maigadi yana gadin gawa. Daga ƙarshe wani mai sayar da kayan gyara ya saye ta don ya farke, abin da ya ba ni da ƙyar ya saya mini wani babur.

Da a nan abin ya tsaya, da asara ce kawai, kuma asara kowa na yi. Amma da kaka ta zo sai ga Iro da buhu biyu na gero, kyauta daga gonar da ta zama tasa, maimakon tulin da aka saba saukewa a zaure. Bayan ya tafi mahaifiyarku ta same ni ina alwala.

"Malam, bana lahiya? Damina ta yi kyau ko'ina. Ina sauran?"

Da na buɗe baki a lokacin na ce na sayar na zuba a mota, da ta yi fushin sati ɗaya ta huce, don ba ta da riƙo a kaina. Amma na tuna abin da ta faɗa a bakin lungu, na kasa haɗiye girman kaina. Na ce mata:

"Gonar tana hannun Iro yanzu. A bar maganar."

Ba ƙarya a cikin kalmomin, kuma na san sarai yadda za ta fahimce su. Ta riƙe baki ta ce, Iro? Na ci gaba da wanke ƙafata. Da Salla ta zo ya shigo gaishe ta kamar kullum, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ta amsa masa a daƙile ba ta ko miƙo masa ruwa ba. Ya ɗago ya dube ni. Na dubi tabarma. Ƙane ba ya ƙaryata yayansa a gaban iyalinsa, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma da wannan tarbiyyar na ɗaure shi. Ya yi sallama ya fita, kuma bai fasa zuwa ba, bai fasa kawo buhu biyun nan ba, ku kuwa kuna cewa kunya ce ke sa shi. Kuka daina zuwa ƙauye hutu. Kabiru, da ka tashi aure ka ce ba Iro ne zai karɓa maka ba, na ce a nemi wani, alhali na san wurinsa ne. Mahaifiyarku ta koma ga Allah tana riƙe da shi a zuciya, shi ne kuwa ya shiga kabarinta ya karɓe ta tare da ni. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, kowace shekara maganar tana ƙara nauyi.

Bara da ciwonsa ya tsananta na je na same shi kwance a zaurensa, ya rame har ban so in dube shi ba. Na ce masa na gaji, zan tara ku in gaya muku komai, ku zo ku roƙe shi gafara tun yana ji. Ya girgiza kai.

"Bari sai na tahi, Yaya. Ni na saba. In ka faɗa yanzu za su zo nan suna kuka, su koma suna kallonka wani iri. Ban son in ga ranar da ɗiyanka za su raina ka."

Na yi kuka, na riƙe hannunsa, na ce to. Amma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya a wannan littafi, bari in ƙarasa ta. A hanyar dawowa gida, a kan babur, abin da na ji a ƙirjina sauƙi ne. Na ji daɗi da ya ce in bari. Mutumin yana bakin kabari ya sake ɗaukar mini kayana, ni kuma na sake miƙa masa. Ya rasu bayan kwana goma sha ɗaya, kuka zo jana'iza kuka tsaya a sahun baya, ba wanda ya kwana.

Ban rubuta wannan don ku yafe mini ba, wannan tsakaninku da zuciyarku ne, kuma duk yadda kuka dube ni daga yau na cancanta. Matarsa tana nan da rai, 'ya'yansa suna nan a gidan, hanyar ƙauyen ba ta canja ba. Ku je ku durƙusa a inda ya saba durƙusa wa uwarku. In sun tambaye ku me ya kawo ku bayan shekara ashirin da wani abu, kada ku ce zumunci. Ku ce ubanku ne ya zalunci ubansu, kuma ubansu ya rufa masa asiri har ya mutu.